Ranar da Baffa Ya Zo Kallon Tsere

Jama'a, jiya ina bakin barajin Tanghin, wato madatsar ruwa, ina ihu har muryata ta dushe, sai ga ƙanwata Hadiza ta ɓullo ta cikin lambuna, ita ce kan gaba a tseren 'yan lise, ɗaliban sakandare.

Kun san ni da son kallon gudu. Da ƙyar na samu Baffanmu mai atamfa ya rufe shago ya biyo ni daga Zongo, shi da kullum yake cewa ba mai gudu sai wanda aka koro.

Hadiza na hango shi, wallahi sai yarinyar nan ta ci birki, ta durƙusa a tsakiyar hanya.

"Baffa, ina kwana?"

Shi ma ya gyara tsayuwa. "Lafiya lau. Ya gajiya? Ya mamanki?"

Na ɗora hannu a ka. "Haba Baffa, tsere ake yi fa!"

Kafin ya waiga, wata doguwa 'yar unguwar Gounghin ta wuce fuu. Nan dattijo ya cire hula yana kaɗawa. "Ke, tashi! Na yafe gaisuwar! Bi ta!"

Hadiza ta biyu ta zo. Haushi ya cika ni, shi kuwa sai murmushi yake har muka hau moto, babur ɗinmu.

"Yaushe za a sake?" in ji shi. "Zan zo, amma bayan bishiya zan ɓuya."

Kofin gasa ya kuɓuce mana, amma mun samu Baffa. Da ƙanwarku ce, faɗa za ku yi mata ko sa albarka?