Dattijo Mai Zaɓen Ƙarfe a Kotobabi

Yana tsugune gefen tsohuwar motarsa a wurin masu walda na Kotobabi, dattijo siriri cikin farar jallabiya. Da gani tsohon direba ne. Ƙarfe biyu yake nema da za a liƙa a ƙarƙashin motar, don jikinta ya daina murɗewa a rami. Yana ƙwanƙwasa kowanne cikin tarin ƙarafan wurin da makulli, yana ture sirara da ƙafa.

Mai walda ya ce, "Baba, wannan ya yi kauri."

"Shi nake so. Ranar bikin 'yata, surukina Moro ya cire motata daga jerin rakiyar amarya, wai tana ƙara. Asabar ɗansa zai yi aure, hanyar kuma duk rami ce. In tasa motar ta maƙale, zan sauke gilashi in yi masa sannu, in wuce."