Kwale-kwalen Yaya Ɗanjuma mai yoyo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe Yaya Ɗanjuma a Yelwa, amma ban taɓa jin zafin rashinsa kamar daminar bana ba. Babban wana ne, masunci kamar kowa a gidanmu. Bai yi alƙalanci ba, bai riƙe sarauta ba. Kayan sulhunsa duka wani tsohon kwale-kwale ne mai yoyo, wanda ya hana kowa toshewa.

Duk sanda masunta biyu suka zare wa juna adda, sai ya lallaɓa su cikin jirgin nan, ya tuƙa har tsakiyar ruwa, ya ajiye filafili. Ɗaya ya yi magana, ɗaya ya riƙe ƙwarya yana kwalfe ruwa, sannan su yi musanya. Mai ƙwarya in ya tsaya katse magana, ruwa ya hau. Na ga ya ɗauki wasu biyu a kwatar Wara, ɗaya rabin kunnensa na lilo, jini ya jiƙa masa riga. Ba su dawo abokai ba, amma an kwana ba a binne kowa ba.

A bana aka yanka wa ɗana Sani taru. Ya zargi Lawal, ɗan Garba maƙwabcinmu a kwata, suka kacame. Lawal ya sare shi a kafaɗa har ƙashi ya fito. Kafin mu kai shi asibiti, hoton saran ya zagaye wayoyin samari, sun tara fetur za su ƙone jiragen su Garba. Da Yaya na nan, da ya tsine wa wayar nan mai kai jini gida-gida kafin kowa ya buɗe baki. Ni kuwa ban tsaya tsinuwa ba, sai na wasa addata. Jini nake so, ba zan ɓoye muku ba.

Kan hanyar kwata na wuce gawar kwale-kwalen Yaya, ya ruɓe cikin ciyawa, ƙafata ta ƙi gaba. Na aika aka kira Garba, na ce da samari su jira mu. Na tuƙa mu cikin jirgina har tsakiyar ruwa, na zare tsumman da ke toshe ɓular gindinsa da hannuna.

"Wa za ya fara?" in ji Garba.

"Hwaɗi naka. Ni ka kwalhewa."

Ya faɗa. Ashe Sani ya daɗe yana zuba taru a kan nasu, an yi masa magana ya zagi Garba gaban ɗansa. Sau biyu na so in fasa masa ƙwaryar a fuska, sai in ji ruwa ya kawo mini idon sawu, in duƙa. Da muka yi musanya, na gaya masa hannun Sani ba zai ƙara jan taru ba. Garba yana kwalfewa yana kuka.

Shi da kansa ya miƙa Lawal ga hukuma. Fetur ya koma cikin inji. Har yau ban yafe ba, kuma in muka haɗu da Garba sallama kawai muke yi. Amma ɗansa na da rai, nawa ma haka.

Yaya bai bar mana gona ba, jirginsa ma ƙasa ta ci. Ƙwaryar ce ta rage, tana rataye a ɗakina, sama da addar.