Ranar da Baffa Ya Karantar da Ajinmu

Yau Baffana, makiyayin da bai taɓa zama a aji ba, ya tsaya gaban allo a kwalejinmu a Kazaure.

Kwas ɗin satifiket nake yi kan al'adun mutanenmu. Da na fara, cewa ya yi, "Kin bar gida kin tafi birni a koya miki gida?" Ni ma na daɗe ina ɓoye wa 'yan ajinmu cewa a ruga na tashi, wajen Gwiwa.

Malam ya ce kowa ya kawo dattijon gidansu. Da ƙyar na lallaɓo Baffa.

Malam ya nuna masa hoton saniya daga kasuwar Babura, ya ce, "Baba, wannan tsagar kunnen ciwo ne?"

Baffa ya matsa kusa. "Shaida ce, Malam. Kowane dangi da irin yankansa. Wannan ta dangin mahaifiyata ce, mutanen Roni."

Ya karɓi alli ya zana yankan dangi-dangi. Kowa ya sunkuya yana kwafa, har Malam. Na miƙe na ce yankan da ke tsakiya namu ne.

A hanyar komawa, cikin a-daidaita-sahu, Baffa ya ce, "Ashe abin nan karatu ne."

Ku fa, wane karatu ne ke zaune a gidanku ba ku tambaya ba?