Kawu Bukar da Shaf ɗin Injina

Duk wanda ya san Kawu Bukar, yayan mahaifiyata, ya san magagarin nan da ke aljihunsa na gaba, inda mutanen kirki ke saka carbi. Ba ya wuce ƙarfe bai goga masa ba, ko ƙofar masallaci ce. In magagari ya ci da sauƙi, sai ya taɓe baki ya ce rodi ne, lanƙwashewa zai yi. In ya zame bai ci ba, ya ce wannan mai zuciya ne, ranar da ya fusata karyewa zai yi. Nasa shi ne na tsakiya, wanda a cewarsa gawayin cikinsa bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba, irin wanda ake aksul ɗin tirela da shi, wato sandar da ke riƙe tayoyi.

Ranar jerena, a gaban dangin miji, ya durƙusa ya goga wa ƙafar gadona. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Rodi ne. Yagana, kar ki yi ƙiba." Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige!

Da maigidana ya rasu, injin niƙa ya bar mana, da shi nake ciyar da yara. Ana gab da sallah, mata sun jera kwanuka, shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke juya injin, ya karye. Mai waldan unguwarmu ya ce a ranar zai haɗa min. Ban san wa ya kai wa Kawu gulma ba, sai ga shi a kan kekensa, ya zo ya zauna daram a kan injin.

"Wannan ƙarfen ba ya karɓar walda da sanyinsa. Yau ya yi miki murmushi, jibi ya tsage ya tafi da hannun wani."

Na ce, "Kawu, yara ba sa cin haƙuri."

Ya ce, "Su zo gidana su ci tuwo."

Mutumin da ke raba ashana biyu! Na ji haushinsa sosai, ina kallo masu niƙana suka koma layin baya. Shi kuwa ya tafi har Gadaka, wai ya ji labarin wata motar shanu da ta mutu a can. Ya dawo da guntun aksul a cinyarsa kamar jariri, don ya ƙi yarda a saka shi a but ɗin mota.

Ya fere shi a injin shagonsa na aikin ƙarfe, ya gasa shi ya yi jawur. Wajen sanyaya shi, ruwa zai tsaga shi, in ji shi, sai mai. Baƙin mai ya ƙare a shago, shi kuma ba zai saya ba. Sai ya faki idon matarsa Inna Falmata, ya tsoma shi a man ƙosanta. Da ta ɗora hannu a ka, cewa ya yi man bai mutu ba, a ci gaba da suya. Ƙosan ya dinga warin gareji, shi kaɗai yake ci yana yabawa. Bayan nan ya sake ɗumama shaf ɗin kaɗan, wai don ya huce, sannan ya ɗaura min.

Tun daga ranar injin bai sake tsayawa ba, masu niƙa suka dawo, yara suka yi makaranta. Da Kawu ya kwanta a gadon asibiti, murya ta dushe, abin da ya tambaye ni shi ne ko injin yana rawa. Na ce ba ya yi. Ya ce, "To, madalla," ya juya.

Geron sadakarsa ni na niƙa, ban bar kowa ya taɓa ba. Injin ya yi aiki lafiya lau har na gama. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe marayuna.