Tsohuwar da ba ta yi kuka ba

Shekarun baya, lokacin da na sami aiki a luzin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, ban san kowa a garin ba sai 'yan wata fada da ke shan shayi bayan la'asar. Abokina na wurin aiki ne ya kai ni. Hirarsu kullum finafinan Kano, ni kuwa baƙo, nawa saurare.

Ran nan labari ya zo an ba wata yarinya kambun jarumar shekara. Fada ta ɗauki murna, wai a fim ɗin ta yi kuka har da birgima. Ni da ba na magana, sai na ji bakina ya ce tsohuwar da ta fito uwar saurayin yarinyar a fim ɗin ita ta cancanta.

"Mi ta yi?" in ji abokina. "Ɗanta za shi tafiya, ko kallonshi ba ta yi ba, ta ba shi baya tana ɓarar wake. Ko icce aka kafa ya yi hakanan."

Na ce su dubi hannunta, kwasfa ɗaya take ta juyawa ba ta ɓare ba. Wani ya ce, "To, a ba waken kyautar." Aka kwashe da dariya.

Na kasa gaya musu ni ɗan fari ne. Saboda kunya mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ranar da na bar garinmu Badagishiri haka ta ba ni baya. Zuciya ta ɗebe ni. Aka miƙo mini shayi na biyu, na ce na ƙoshi, na tashi, duk a kan tsohuwar da ba ta san da ni a duniya ba. Girman kai ya hana ni komawa, su ma ba su neme ni ba. Daga aiki sai ɗaki, ina jin motocin siminti na wucewa. Wallahi kaɗaici ya ci ni.

Da na je gida sallah, na nuna wa mahaifiyata wurin ɓarar waken nan na fim ɗin a waya. Ta kalla, ta ce a maido. Sannan, idonta a ƙasa, ta ce, "Wagga mata ta haihu." Ta tashi wai za ta duba awaki, alhali ƙanena ya riga ya ɗaure su.

Har yau in ana gardamar wa ya cancanci kambu, ba na sa baki. Fadar ta watse tuni, mahaifiyata ma Allah ya yi mata rasuwa. Fim ɗin na nan a wayata, kuma in ya zo wurin waken nakan maido.