Gwaggo Dije da Haukan da Ta Ara Mini

Duk wanda ya taɓa hawa benen Gwaggo Dije a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, ya san sallama kaɗai ba ta shigar da mutum. Za ka yi sallama, ta amsa daga can ciki, kafin ka ɗaga ƙafa ka ji ta ƙwala: "Hannu!" Ga buta nan a bakin ƙofa, ga roba, ga jan sabulu mai warin asibiti. In ka wanke ka shigo, sai ta kama tafinka ta shinshina. Wallahi shinshinawa take! Babana Alhaji Sale, ƙaninta, da furfurarsa da komai, ta sha mayar da shi waje.

"Sale, ruwa ka shafa. Koma."

"Yaya, da alwalata fa, daga masallaci nake."

"Alwala ta Allah ce, sabulu nawa ne. Ƙarfen matakala nawa ka dafa kafin ka iso? Koma!"

Haka zai koma yana ƙunƙuni da Larabci, don ya san in ya yi da Hausa sai ta fi jin zafi.

Ƙananan cikinku ba su san inda ta samo wannan hali ba. Gwaggo ta yi shekara ashirin da wani abu tana shara da goge-goge a asibitin masu taɓin hankali a Ɗa'ifa. Ko ajin farko na boko ba ta gama ba, amma ta fito daga can da ilimin da ta ce ya ishi duniya. Maganarta kullum ɗaya ce: "Mutane kashi biyu ne, wanda ya sha maganinsa da wanda bai sha ba." Mai kanti ya yi mata tsawa, bai sha ba. Direban tasi ya rage mata hanya da fara'a, ya sha. A bayan idonta dangi na kiranta Dije mai taɓi, suna cewa zama da marasa lafiya ne ya shafe ta. Ta sani sarai, ko a jikinta.

Da korona ta zo aka kulle gari, kowa ya sa takunkumi, sai Gwaggo ta samu aikin yi. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa buga wa dangi waya. Ina zaune kusa da Baba ranar da layi ya zo kansa.

"Sale, me suke cewa a talabijin?"

"Cewa suke a wanke hannu, Yaya."

"Da me?"

Baba ya yi ƙasa da murya. "Da sabulu."

"Esh? Wayar na yankewa, ban ji ba."

"Da sabulu!"

"Alhamdu lillahi. Ashe ba ni ce da taɓi ba, duniya ce ta makara."

Sai maganar Amurka. Matar da ko Jidda ba ta zuwa sai da dalili, amma zaɓen Amurka ya zo, kai ka ce ƙuri'arta ake jira. Bayan la'asar za ta haɗa shayi da na'ana'a, ta kunna maimaicin muhawarar 'yan takara, sannan ta kashe sautin gaba ɗaya. Na taɓa tambayarta yadda za ta san abin da suke faɗi.

"Ke Sa'adiyya, wa ke sauraron baki? Baki kowa ya iya. Ido ake kallo, da hannu. Dubi wancan, ya kwana uku bai yi barci ba. Wannan kuwa uwarsa ba ta taɓa ce masa bari ba."

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne dabbobin jam'iyyunsu. "Ƙasa guda cike da masu digiri, aka ce su zaɓi dabba, suka tsallake doki, suka tsallake zaki, suka ɗauko jaki da giwa!" Amma da ta huce sai ta koma bayan jaki. Ta ce shi ya yi wa Makka dakon ruwa da kaya tun ba a san mota ba, bai taɓa neman a gode masa ba. Giwa kuwa, in ji ta, mu mutanen garin nan mun san tarihinta. "Ta taɓa zuwa, kuma ta fi wanda ya kawo ta hankali. Abin da nake ji wa tsoro kenan, mai giwar."

Wata shekara ta tsaya kai da fata cewa wani ɗan takara ne zai ci, sai ya sha kaye. Baba bai ko karya kumallo ba ya tako har Ka'akiyya, ya wanke hannu da kansa ba a ce masa ba, ya shigo yana murmushi.

"Yaya, naki ya faɗi."

"Nawa? Na taɓa ce maka ina da ɗa a Amurka?"

"Ke fa kika ce shi zai ci."

"Na ce shi ya fi lafiya. Ban ce masu zaɓen sun sha maganinsu ba."

In ba zaɓe, tashar namun daji take kallo, ita ma ba sauti. Daga nan ta ɗauko yaƙi da masu ciyar da birai a hanyar Hada. Kun san yadda suke jeruwa a bakin titi in za a hau dutsen Ɗa'ifa, mutane na jefa musu abinci ta taga. Wata rana muna tafe da ita da Baba, ta hango wani bawan Allah ya tsaya yana miƙa musu ayaba. Ta sa aka taka birki, ta sauko da abayarta da jakarta a hammata.

"Ya walad, kai yaro! Yau ka ba shi ayaba, gobe ya daina neman na daji, jibi ya shigo unguwa ya ciji ɗan wani. Kai za ka kai yaron allura?"

Tana tsaka da wa'azi wani ƙaton goggon biri ya lallaɓo ta baya, ya fizge jakar, ya haye dutse. Ya zauna ya miƙe ƙafa kamar ma'aikacin filin jirgi, ya fara bincike. Ya ciro carbi ya jefar. Ya ciro tabarau ya leƙa ya jefar. Ya ciro katin maganin hawan jininta, ya ɓalle ƙwaya ɗaya ya jefa a baki. Baba dariya har da riƙe mota.

"Yaya, shi wannan wane kashi ne?"

"Ya fi ka, Sale. Shi ya sha ba a roƙe shi ba, kai sai an bi ka da na sukari ɗaki-ɗaki."

Da ta ga birin ya kai hannu kan katin shaidarta, sai ta juya ga mutumin da take wa faɗa. "Miƙo ayabar nan!" Ta wurga wa birin, ya saki jaka ya cafe. Muka dawo mota, kowa na danne dariya. Can ta gyara zama ta ce, "Kada wanda ya ce na ciyar da biri. Fansa na biya."

Duk waɗannan kun san su, an sha ba da su a biki da suna. Akwai guda ɗaya da ba ku sani ba, ko in ce kun san shi a juye. Yau nake so in gyara shi.

Bayan na haifi 'yata ta biyu, muna zaune a unguwar Aziziyya, wani abu ya sauko mini da ban san sunansa ba. Abinci ba ya shiga. Kuka yake zuwa ba dalili. Jaririyar na kuka, ni ina tsoron ɗaukarta, ina ganin kamar zan yar da ita. Mijina Usman ya rasa inda zai sa kansa. Surukata, Allah ya saka mata, ta yi iya abin da ta sani: ta ce kambun baka ne, aka kawo hayaƙi, aka kawo mai ruƙiyya. Ina jin daɗin karatun, amma da an tashi sai abin ya dawo ya zauna mini a ƙirji. Ni kuma kalma ɗaya nake gudu. Kun san mu a garin nan, magana ta fita daga unguwar Kudai da hantsi, kafin azahar ta isa Ka'akiyya. In aka ce Sa'adiyya ta haukace, ba ni kaɗai zai bi ba, har 'ya'yana ranar da aka zo neman aurensu.

Wata safiya Gwaggo ta zo barka karo na biyu. Ta dube ni sau ɗaya, ta kori kowa daga ɗakin, ta rufe ƙofa. Ba wasa a fuskarta, ban taɓa ganinta haka ba.

"Kwana nawa rabonki da barcin kirki?"

Na ce ban sani ba.

"Kina jin kamar da ba ki a duniya da kowa ya huta?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ɗaga kai kawai, hawaye na zuba. Ta jawo ni jikinta.

"Na share ɗakin mata irinki ba adadi, 'yata. Matan manya, malaman makaranta, har da likita. Ciwo ne da ke bin haihuwa, yana da suna, yana da magani kamar hawan jini. Na ga sun shigo a haka, na ga sun fita suna dariya da goyonsu. Gobe za mu asibiti."

"Gwaggo, in aka gan ni a wurin likitan ƙwaƙwalwa fa?"

"Wa ya ce ke za a gani?"

Ta miƙe ta buɗe ƙofa, ta tsaya tsakiyar falo inda surukata da baƙi ke zaune, ta dafe kai.

"Jama'a, kaina ya motsa. Gobe Sa'adiyya za ta raka ni wurin likita, ita kaɗai na yarda da ita."

Surukata ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ai dama, Hajiya Dije, mun daɗe muna..." sai ta kama bakinta.

"Ƙarasa mana, Hajiya. Kun daɗe kuna me?"

"Muna yi miki addu'a."

"To ga shi ta karɓu."

Usman kaɗai ta faɗa wa gaskiya, a mota, ta kuma ce masa in ya kuskura ya ji kunyar matarsa to shi za ta kwantar a gadon. Da muka shiga, likitan wani matashi ne. Kafin ya buɗe baki Gwaggo ta fara jero masa abin da ke damuna ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye biro ya dube ta, ya kira ta inna da Larabci.

"Khala, ke likita ce?"

"Ni na goge teburin wanda ya koyar da malaminka. Rubuta."

Ya yi dariya, ya roƙe ta ta jira a waje, ya zauna ya saurare ni a tsanake. Abin da ta faɗa shi ya faɗa. Ya rubuta magani, ya sa mini ranar dawowa. A hanya ta ce mini, "Azkar ɗinki kada ki bari, ƙwayarki kada ki tsallake. Duk daga wuri ɗaya suka fito."

Wata shida muna zuwa. Duk ranar asibiti sai ta taho tun daga Ka'akiyya, ta tsaya a matakalar gidanmu ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Sa'adiyya, fito ki kai mahaukaciyarki!" Dangi kuwa tausayi ya kama su, aka shiga kai mata dubiya. Wannan ta kawo farfesu, waccan ta kawo kaza, ana yi mata magana a hankali kamar ƙwai. Da yawa cikinku kun kai, na gan ku! Ta karɓa ta cinye, ta ce mini, "Tunda nake ban ci kaji irin na bana ba. Da na sani tun tuni na haukace."

Wata rana da hantsi ina yi wa yarinyar wanka, ta watsa mini ruwa a fuska ta ƙyalƙyale, sai na ji ni ma ina dariya, dariyar gaske, daga ciki. Na tsaya da ita a hannu ina mamaki, nauyin nan babu shi. Na buga wa Gwaggo waya ina kuka ina faɗa mata. Na ji tana jan hanci. Sai ta ce, "Khalas, na warke kenan. Amma ba za mu daina zuwa ba sai likita ya sallame ni." Da ya sallame mu, ta sanar a gidan wani suna cewa Allah ya ba ta lafiya. Mata suka yi ta barka. Baba ya leƙo ya ce, "Ni dai ban ga bambanci ba."

Ba ta taɓa tona ni ba, ko da wasa. Ta ce labarina ne, in na ga dama in faɗa, in ban ga dama ba in tafi da shi. Yau na faɗa, kuma wallahi ji nake kamar na sauke dutse. Yarinyar nan ga ta can tana zuwa makaranta. Duk wadda ta ji irin abin da na ji a cikinku, ko ta ga alamarsa a jikin 'yarta, ta zo ta same ni, ni zan raka ta, kuma ba sai mun ɓoye ba.

Abu ɗaya Gwaggo take tsoro, doguwar jinya, don ta ga yadda take cin mutum da masu kula da shi. Allah bai jarrabe ta da ita ba. Kwana uku ta yi da zazzaɓi. Rana ta uku ta ce in haɗa mata shayi, ta kurɓa, ta ce sukari ya yi yawa kuma ita ba ta koya mini haka ba. Ta miƙo mini kofin, ta jingina da matashi, ta yi kalmar shahada da bakinta, sarai kowa ya ji. Aka sallace ta a Harami bayan la'asar.

Allah ka jiƙan Gwaggo Dije. Yadda ta rufa mini asiri a duniya, ka rufa mata nata a lahira. Ka yafe mata, ka yafe mana abin da muka faɗa a bayanta, ka sanyaya makwancinta. Waɗanda ke fama a ɓoye ba su da mai kama hannunsu, Allah ka aiko musu da wani. Amin.