Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Har yau in na ji ƙamshin madarar gari a ruwan zafi sai kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Bari ka ji dalili.

Lokacin ban isa shiga makaranta ba. Gwamnatin soja ta tashi haiƙan, wai sai kowa ya yi wa ƙasa aiki. Mota mai lasifika ta riƙa zagaya unguwarmu Gwallaga tana shela: maza su fito dashen itatuwa a hanyar Inkil, mata su tafi ajin yaƙi da jahilci. Mu yara aka buɗe mana gidan reno a wani tsohon sito, aka kawo wata malama baƙuwa. Kullum a dama mana madara a kofin roba, a koya mana waƙar kishin ƙasa, mu yi ta ihu ba mu san me muke faɗa ba.

Tun da aka taɓa tafiya da ɗan wani bisa kuskure, malamar ta kafa doka: ba ta sakin yaro sai wadda ta zo ɗaukarsa ta kira sunansa ya amsa.

Mu kuwa Fulani ne da muka zauna gari, kuma ni ne ɗan fari. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, abin kunya ne babba. "Wancan" Inna take ce mini. Kakata ce mai zuwa ɗaukata, sai wata rana da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, dole Inna ta zo da kanta.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna ni da haɓa. "Wancan na zo ɗauka."

"Wancan ba suna ba ne," in ji malama. "Kira shi."

Inna ta sunkuyar da kai. Matan unguwa suka sa baki, "Malama, ki yi haƙuri, ɗan fari ne." Ta ce dokar gwamnati ba ruwanta da ɗan fari. Aka yi ta kwashe yara, hadari ya haɗo, ina zaune a tabarma riƙe da kofi. Wani yaro mai bakin tsiya ya ce, "Uwarsa ta manta sunansa!" Wallahi na yarda da shi. Na ɓarke da kuka, na ɗauka nan zan kwana.

Sai Inna ta ja gyale ta rufe fuska, ta faɗi sunana. Malama ta ce ba ta ji ba. Inna ta sake faɗa da ƙarfi. Matan suka kwashe da shewa, "Yau Bafulatana ta yar da kunya!"

Ni sakarai, duk hanya ina tsalle ina jan zaninta: "Inna, sake faɗa!" Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Ajin yaƙi da jahilcin da take zuwa ma ba ta ƙara taka shi ba, don matan da suka yi shewar su ne 'yan ajinta, ga shi ta fara iya haɗa baƙaƙe.

Yanzu 'yata da ke unguwar Fadaman Mada tun daga cikin adaidaita take ƙwala wa ɗanta na fari kira a ƙofar makarantar reno, kuma ban ga laifinta ba. Inna tana nan da ranta, ta tsufa. In na shiga gaishe ta sai ta ce wa jikoki, "Ku ba wancan tabarma." In aka kawo mata takarda ta sa hannu, yatsa take dangwalawa, ni kuwa sai in kau da kai. Sau ɗaya tak na ji sunana a bakinta, kuma na san abin da ya ja mata.